Ƙarafa 17 masu kama da juna: me ya sa raba su ya fi haƙo su wuya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban teburin mai gyaran waya ya ga wannan abu. Mai gyara zai kwance bayan waya, ya ciro 'yar lasifikar da ba ta wuce girman ƙwayar wake ba, ya ajiye ta a gefe. Kafin ka ankara, ƙananan notunan da ya zube a kan tebur sun tsallako sun manne mata, sai ya sa ɗan tsinke ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci ma zai nuna maka baƙin garin ƙarfe da ya taru a ragar lasifikar, ya ce maka shi ne ya dusashe muryar wayar. Abin da ke jan notunan nan maganaɗisu ne ɗan mitsitsi, kuma ƙarfinsa ya samo asali daga wani ƙarfe da ake kira niyodimiyam. Yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali kullum yana cikin aljihunmu.

Niyodimiyam ɗaya ne daga cikin ƙarafa 17 da ake yawan ambata a labarai duk lokacin da Amurka da Chaina suka tasa juna gaba kan cinikayya. Masu labarai kan ce musu "ma'adanai masu wuyar samu", domin haka sunan da Turawa suka raɗa musu tun ƙarni na 18 yake nufi. Sunan ya ɓatar da mutane da yawa. Mai saurare sai ya ɗauka wasu irin duwatsu ne da Allah ya ajiye a ƙasa ɗaya tak, kamar yadda aka san wasu wurare da lu'ulu'u. Alhali siriyam, wanda ya fi sauran yawa, adadinsa a ɓawon duniya ya kai kusan na jan ƙarfe, ya kuma fi dalma yawa. Ko tuliyam da lutitiyam, waɗanda suka fi ƙaranci a cikin waɗanda ake haƙowa daga ƙasa, sun ninka zinariya fiye da sau ɗari. Wahalar tana wani wuri dabam, kuma ba za a gane ta ba sai an leƙa cikin ƙwayar zarrar su.

A jadawalin sinadarai, wanda ke rataye a bangon ɗakin kimiyya na makarantun sakandare, akwai layuka biyu da aka ware a can ƙasa kamar an rasa inda za a sa su. Na saman shi ne layin lantanaid: sinadarai 15, daga lantanam mai lamba 57 zuwa lutitiyam mai lamba 71. A tsakaninsu akwai siriyam, firasiyodimiyam, niyodimiyam, firomitiyam, samariyam, yurofiyam, gadoliniyam, tarbiyam, disfirosiyam, holmiyam, arbiyam, tuliyam da itarbiyam. In aka haɗa da iskandiyam mai lamba 21 da itiriyam mai lamba 39, waɗanda halinsu ya zo ɗaya da na wannan gida, sai a samu 17 ɗin.

Lambar sinadari ita ce yawan firoton da ke tsakiyar ƙwayar zarrarsa, kuma adadin ilektiron da ke kewaye da tsakiyar ma haka yake. Su ilektiron ɗin nan hawa-hawa suke zama. Mu kwatanta da gida irin namu: akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai ƙuryar ɗaki. Baƙo a zaure yake tsayawa, da wanda ya tarar a zaure yake gaisawa, da shi yake ƙulla hulɗa. Haka sinadarai suke yi da junansu, ilektiron na hawan waje ne ke haɗuwa da na maƙwabci. A mafi yawan jadawalin, duk lokacin da aka matsa daga wani sinadari zuwa na gaba da shi, sabon ilektiron a waje yake zama ko dab da waje, shi ya sa halin kowane sinadari ya bambanta da na maƙwabcinsa ƙarara. A gidan lantanaid kuwa, sabon ilektiron can ƙurya yake wucewa, wani hawa da masana ke kira 4f, mai gurbi 14, wanda wasu hawa biyu suka rufe daga waje. Sai ya zama gidaje 15 a jere, mutanen ƙurya suna ƙaruwa daga wannan zuwa wancan, amma zauren duk iri ɗaya. Kusan dukkansu ilektiron uku suke bayarwa idan za su haɗu da wani sinadari. Asid ɗin da ya narkar da wannan zai narkar da wancan. Dutsen da ya karɓi ɗaya tun ana halittar duwatsu ya karɓi sauran, shi ya sa ba a samun mahaƙar niyodimiyam zalla ko ta tarbiyam zalla. A cakuɗe suke zuwa.

Bambancin da ya rage ɗan kaɗan ne. Yayin da firoton ke ƙaruwa a tsakiya, jan da yake wa ilektiron na waje yana ƙaruwa, su kuwa mutanen ƙurya ba su iya tare wannan ja sosai. Don haka ƙwayar takan ɗan tsuke daga sinadari zuwa na gaba. Daga lantanam zuwa lutitiyam girman ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, wato tsakanin maƙwabci da maƙwabci abin bai fi kusan kashi ɗaya cikin ɗari ba. A kan wannan ɗan siririn bambanci duk masana'antar tace su ta dogara. Tsince tsakuwa daga shinkafa aiki ne mai sauƙi, ido yana gani, hannu yana ji. Amma a zuba gero da maiwa a buhu ɗaya a girgiza, a ce a raba su ƙwaya-ƙwaya, sannan a ce iri fiye da goma ne ba biyu ba, to an ɗan kusanci abin da masanan nan suka fuskanta.

Tarihin gano su ma tarihin wannan wahala ne. A 1787 wani hafsan sojan Suwidin mai sha'awar duwatsu, Carl Axel Arrhenius, ya tsinci wani baƙin dutse mai nauyi a mahaƙar ƙauyen Ytterby, kusa da birnin Stockholm. A 1794 masanin kimiyya ɗan Finlan, Johan Gadolin, ya gano akwai sabon abu a cikinsa. An ɗauka abu ɗaya ne. Da aka ci gaba da tacewa sai ya rabu gida-gida, kowane gida kuma ya sake rabuwa. Wannan ƙaramin ƙauye shi kaɗai ya ba sinadarai huɗu suna: itiriyam, itarbiyam, tarbiyam da arbiyam. A ɗaya ɓangaren, an gano siriyam a 1803, aka zauna da shi shekaru 36 kafin Carl Gustaf Mosander ya nuna a 1839 cewa akwai wani a laɓe a cikinsa. Ya sa masa suna lantanam, daga kalmar Girka mai nufin ɓuya. Bayan ɗan lokaci ya sake ciro wani ya kira shi didimiyam, wato tagwai, saboda kamarsa da lantanam. Shi ma wannan sai da ya shafe fiye da shekaru 40 a littattafai a matsayin sinadari guda, kafin Carl Auer von Welsbach na ƙasar Ostiriya ya tsaga shi biyu a 1885, aka samu firasiyodimiyam da niyodimiyam. Bafaranshen da ya gano disfirosiyam a 1886, Lecoq de Boisbaudran, sunan da ya zaɓa masa yana nufin "mai wuyar kaiwa gare shi".

Hanyar da suke bi a lokacin tana cin rai. A narkar da gishirin cakuɗen a ruwa, a bar ruwan ya ɗan ƙone har ƙwayoyin gishiri su fara fitowa, a kwashe su. Waɗanda suka fara fitowa sun ɗan fi ɗauke da sinadari ɗaya, da ƙyar ake ganin bambancin. A sake narkar da su, a sake jira, a sake kwashewa. Charles James, wani malamin jami'a a jihar New Hampshire ta Amurka, ya ba da rahoto a 1911 cewa sai da ya maimaita wannan aiki kimanin sau 15,000 kafin ya samu tuliyam mai tsabta. Duk lokacin da na tuna wannan adadi sai in ji girman mutanen ya ƙaru a idona, domin suna yi ne ba tare da sun san ko sinadarai nawa suka rage ba. Sai a 1913 da 1914 ne matashin masanin Ingila Henry Moseley ya samo hanyar ƙirga lambar kowane sinadari da hasken eksire, aka tabbatar da yawansu, aka kuma ga gurbi mai lamba 61 babu kowa. Wannan shi ne firomitiyam, wanda ba ya daɗewa yake rikiɗewa ya zama wani abu, don haka kusan babu shi a ƙasa. Sai a 1945 aka same shi a Oak Ridge ta Amurka, cikin ragowar makamashin nukiliya.

To me ya sa ake wannan wahala, tunda duk kamarsu ɗaya? Amsar tana ƙuryar nan. Ilektiron na 4f ba sa shiga hulɗar zaure, amma su ke ba kowane sinadari halinsa na maganaɗisu da na haske, kuma da yake a killace suke, abin da ke waje ba ya dagula musu lissafi. Shi ya sa yurofiyam ke fitar da jan haske tsantsa, tarbiyam ya fitar da kore, ko a cikin wane irin gilashi ko gari aka sa su. Yurofiyam ne ya gyara jan launin talabijin mai kala a tsakiyar shekarun 1960. Farin ƙwan fitila na zamani, irin na tocila da na sola, asalin haskensa shuɗi ne. Wani rawayan gari da aka shafa a kansa, wanda galibi ake yi da itiriyam da ɗan siriyam, shi ke mai da shi fari. In ka duba ƙwan tocila a kashe za ka ga ɗigon rawayan da idonka. Arbiyam kuwa ana sa shi a cikin zaren gilashin da ke ɗauke da intanet a ƙarƙashin teku, yana ƙara wa hasken ƙarfi idan ya fara gajiya a hanya. Gadoliniyam, mai ilektiron bakwai a ƙurya kowanne zaune shi kaɗai, shi ake sa wa a allurar da akan yi wa majinyaci kafin wasu hotunan MRI don ciwon ya fito sarai. Matatun mai suna amfani da lantanam wajen fasa ɗanyen mai. Ko ɗan dutsen layita da ke ba da tartsatsi idan aka murza, gamin siriyam ne da baƙin ƙarfe, kuma Auer von Welsbach ɗin nan ne ya ƙirƙiro shi a 1903.

Amma inda kuɗi da rigima suka taru shi ne maganaɗisu. A farkon shekarun 1980, Masato Sagawa na kamfanin Sumitomo a Japan da John Croat na General Motors a Amurka, kowanne a nasa ɓangaren, suka gano cewa gamin niyodimiyam da baƙin ƙarfe da boron yana ba da maganaɗisun da ya fi duk wanda aka sani ƙarfi. Har yau shi ke kan gaba a kasuwa. Da shi aka iya ƙanƙanta lasifika da injin da ke sa waya ta yi gurnani a aljihu. Injin motar lantarki yakan ci kilo ɗaya zuwa biyu, manyan fankokin samar da wuta daga iska kuwa sukan ci ɗaruruwan kilo, kuma jiragen yaƙi da makamai masu linzami ma ba su tsira ba. Lahaninsa ɗaya, zafi yana karya masa ƙarfi, injin mota kuma zafi yake yi. Maganin shi ne a ɗan ƙara masa disfirosiyam ko tarbiyam. Su kuwa waɗannan biyun suna cikin rukunin da ake kira masu nauyi, na ƙarshen layi, waɗanda suka fi ƙaranci da tsada.

Nan ne wata matsala ke ɓullowa wadda ba a cika faɗa ba. Ƙasa ba ta ba da su gwargwadon buƙatar kasuwa. A dutsen mahaƙar Mountain Pass ta Kalifoniya, kusan rabin abin da ke ciki siriyam ne, kusan sulusi lantanam, niyodimiyam ɗin da ake nema bai wuce kashi 12 cikin ɗari ba ko kusa da haka, masu nauyin kuwa sai dai ɓurɓushi. Duk mai son niyodimiyam dole ya tace tulin siriyam da ba shi da masu saye da yawa. Shi ya sa kilon siriyam 'yan daloli ne, na tarbiyam kuwa ɗaruruwa. Masu nauyin galibi daga wata irin laka ake samunsu a kudancin Chaina, musamman lardin Jiangxi, da kuma jihar Kachin ta arewacin Myanmar. A can ruwan amoniyam salfet, wanda manoma suka sani a matsayin takin zamani, ake ɗura wa cikin tsauni ta ramuka, ya wanko ƙarafan ya gangaro da su tafkunan da aka tanada. Aikin da arha, amma abin da yake bari a ƙoramu da gonaki ba ƙarami ba ne.

Yadda ake raba su a yau ya yi kama da abin da ke faruwa idan aka zuba man gyaɗa a ruwa aka kaɗa. Ana narkar da cakuɗen a asid, a haɗa shi da wani mai irin na kananzir da aka sa wa sinadarin da ke cafke ƙarafa, a kaɗa, a bar su su kwanta, mai a sama ruwa a ƙasa. Sinadarin ya ɗan fi son ƙananan ƙwayoyi, don haka man yakan ɗebi masu nauyi fiye da marasa nauyi, da ɗan rinjaye kaɗan. Sai man ya wuce tanki na gaba, ruwan ya koma na baya, a sake kaɗawa. A masana'anta ɗaya za ka tarar da ɗaruruwan tankuna a jere, kwanaki da makonni abu yana zagayawa kafin ya daidaita. Kowane dutse da irin cakuɗinsa, don haka lissafin da ya yi aiki a wannan masana'anta ba lallai ya yi a waccan ba. Ƙwarewa ce da ake tarawa da shekaru, a hannun injiniyoyi da ma'aikata.

Amurka ce ta fara yin gaba. Frank Spedding da abokan aikinsa a Ames ta jihar Iowa sun samo hanyar tacewa mai inganci a shekarun 1940, kuma daga shekarun 1960 zuwa 1980 Mountain Pass ce ke ciyar da duniya. A Chaina kuwa, a 1972 aka ɗora wa Xu Guangxian na Jami'ar Peking aikin raba firasiyodimiyam da niyodimiyam, tagwayen nan da suka fi kowa wuyar rabuwa. Ya fitar da lissafin da ke ba da damar tsara jerin tankunan daga takarda kai tsaye, aka kuma koyar da shi ga masana'antun ƙasar. Ga kuma mahaƙar Bayan Obo a Mongoliya ta Gida, inda ƙarafan ke fitowa tare da tamar baƙin ƙarfe da dama ake haƙowa, abin da ya rage tsadar aikin. An ruwaito Deng Xiaoping yana cewa a 1992, Gabas ta Tsakiya tana da mai, Chaina kuma tana da waɗannan ƙarafa. Arhar kayan Chaina da matsalar malalar gurɓataccen ruwa suka haɗu suka rufe Mountain Pass a 2002. Da aka farfaɗo da ita daga baya, shekaru da dama Chaina take tura abin da ta haƙo domin a tace mata. A yau Chaina na haƙo kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da duniya ke samarwa, amma wajen tacewa rabonta ya kai kusan kashi 90.

Ba zan so a karanta wannan a matsayin labarin wayo kawai ba, domin akwai waɗanda suka biya farashin da lafiyarsu da ƙasarsu. Duwatsun nan, musamman wanda ake kira monazait, suna zuwa da toriyam, ɗan uwan yuraniyam wajen fitar da tururin nukiliya da ido ba ya gani. A gefen birnin Baotou, inda ake tace kayan Bayan Obo, akwai tafkin dagwalon masana'anta mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 10, kuma sai da aka tashi wasu ƙauyukan da ke kusa da shi. A Bukit Merah ta Malesiya, wata matatar monazait da ta fara aiki a 1982 ta rufe a 1994 bayan doguwar shari'a da mazauna garin kan sharar da ta bari. Ƙasashe masu arziki sun ji daɗin sayen kaya tsarkakakku da arha, dattin kuma ya zauna a ƙofar wasu. A ganina wannan na cikin manyan dalilan da suka sa suka saki sana'ar ba tare da sun yi jayayya ba.

Sun farga a 2010. Bayan rikicin wani jirgin kamun kifi kusa da tsibiran da Japan da Chaina ke taƙaddama a kansu, kaya suka daina isa Japan na wasu makonni, a shekarar da Chaina ta rage adadin da take fitarwa ƙwarai. Farashin wasu ya ninka fiye da sau goma zuwa tsakiyar 2011. Japan ta zuba dala miliyan 250 a kamfanin Lynas na Ostireliya, mai haƙa a Mount Weld yana tacewa a Kuantan ta Malesiya. Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya ta yanke hukunci a 2014 cewa ƙayyade fitarwar ya saɓa ƙa'ida, Chaina ta janye shi a 2015, farashi ya faɗi, yawancin sababbin kamfanonin da suka taso suka durƙushe. A Disamban 2023 Chaina ta haramta fitar da fasahar ƙera maganaɗisun, ƙari a kan haramcin da dama ta sa wa fitar da fasahar tacewar ita kanta. Ranar 4 ga Afrilun 2025 kuma ta sa dokar neman izini kafin fitar da guda bakwai da maganaɗisun da ke ɗauke da su: samariyam, gadoliniyam, tarbiyam, disfirosiyam, lutitiyam, iskandiyam da itiriyam. Duba jerin da kyau, babu siriyam babu lantanam. An zaɓi waɗanda kusan babu mai iya tace su da yawa a wajen Chaina. Cikin 'yan makonni Ford ya dakatar da wata masana'antarsa a Chicago na mako guda, Suzuki ma ya tsayar da ƙera wata motarsa a Japan. Sai a watan Mayun 2025 ne Lynas ya sanar da fara fitar da disfirosiyam tacacce a Malesiya.

Mu ma wannan magana ta taɓa mu ta wata fuska. A tsaunukan Jos, inda aka shafe yawancin ƙarni na 20 ana haƙar kuza da kolumbait, tulin yashin da aka bari bayan wanke kuza yana ɗauke da monazait da zinotaim, duwatsu biyu daga cikin waɗanda ake ciro ƙarafan nan. Yashi ne mai nauyi, monazait ɗin launinsa kamar na zuma. Masu ƙananan injinan tace ma'adinai a yankin suna ware shi su sayar a buhu, a yi waje da shi ɗanye, domin jerin tankunan da ke mai da shi niyodimiyam da disfirosiyam suna wata nahiya. Toriyam ɗin kuwa yana cikin yashin tun yana nan gida. Binciken da masana suka yi a kan tarin sharar kuzar Filato ya sha nuna cewa tururin da ke fita daga gare ta ya zarce na ƙasar da ba a taɓa ba, kuma akwai inda mutane ke ɗibar wannan yashi su yi gini ko su cike hanya. Mai aiki a irin wannan wuri yana buƙatar abin rufe hanci saboda ƙurar, da wurin ajiyar buhunan da ya yi nesa da ɗakin kwana da rijiya, haka kuma bai kamata yashin da ya rage bayan tacewa ya shiga bulon da za a gina wa iyali ɗaki da shi ba.